Daga Ladubban Suhuba: Ɗaukar Kukan Ɗan'uwa Da Sanin Iyakarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya haɗa zukatan muminai bayan rarrabuwarsu. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan darasi ya shafi wani ɓangare na ladubban suhuba wanda ba a cika taɓowa ba a majalisai. An saba jin falalar sauraron mai damuwa da share masa hawaye, kuma falala ce tabbatacciya. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: idan kukan ya daɗe, ya yi nauyi, har mai sauraron ya fara durƙushewa, mene ne ya wajaba a kansa, kuma mene ne ya halatta gare shi?

Surar mas'alar

A shekarun nan mutanen ƙasar nan sun ga abubuwa masu tayar da hankali. Ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji sun sha fama da ƴan bindiga masu satar mutane da dabbobi. Daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta rushe gidaje ta ci rayuka a Maraɗi da sauran jihohi, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Ga haɗarin mota, ga mutuwar aure, ga zaluncin da ake yi a cikin gida a rufe. Wanda irin wannan ya shafa yakan tsira da ransa, amma da tabo a zuciya. Barci ya ƙaurace masa, abin ya riƙa dawo masa kamar yanzu yake faruwa, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa gabansa faɗuwa.

A ɗauki misalin samari biyu ɗaliban jami'a, ɗakin haya ɗaya, zawiya ɗaya. Ɗayansu ya je hutu gida, aka shigo garinsu da dare, aka tafi da mahaifinsa a kan idonsa. Ya dawo makaranta ba shi ne wanda ya tafi ba. Abokinsa ya tsaya masa tsayin ɗan'uwa: ya saurare shi, ya yi kuka tare da shi, ya kwana zaune a gefensa. Makonnin farko haka ya dace.

Sai makonni suka zama watanni. Kowane dare bayan isha'i labarin nan ne, daga farko har ƙarshe, da duk abin da ido ya gani. In abokin ya yi tafiya, saƙonnin murya na WhatsApp suna bin sa da ƙarfe biyun dare. A hankali ya fara makarar asuba, lazimin safe ya koma ramuwa, karatu ya daina shiga, har ya fara mafarkin abin da bai taɓa gani ba. Daga nan sai zille-zille. Ya sauya wurin zama a wazifa, ya fice kafin a gama gaisawa, ya ce wayarsa ba caji alhali yana kallon kiran. Kullum yana zargin kansa da rashin imani. Shi kuwa mai raunin ya lura, ya ji an sake barin sa shi kaɗai.

Babu mugu a cikin waɗannan biyun. Mai sauraron ya ɗauka hanyoyi biyu kaɗai ke gabansa: ya ɗauki komai, ko ya gudu. Da yake ya san rashin yanke hulɗa da mutane, musamman ƴan'uwa na ɗariƙa, yana cikin sharuɗɗan da ya karɓa, ya kuma san an hana musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, sai ya zaɓi haɗiyewa. Ya yi ta haɗiyewa har ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗa cikin yankewar da yake gudu, ta hanyar ƙarya da ɓuya. Akwai hanya ta uku, ita ce sanya iyaka a fili cikin ladabi, tun zumuncin yana da rai.

Faɗin damuwa halal ne

Kafin komai a tabbatar da wannan, don kada mai rauni ya karanta darasin nan ya ƙara ƙulle bakinsa. Malamai sun bambanta tsakanin ba da labarin ciwo da kuma kokawa cikin fushi da hukuncin Allah. Na farko bai warware haƙuri ba. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Annabi (SAW) ya ambaci ciwon kansa ga Nana A'isha, ya kuma gaya wa Abdullahi ɗan Mas'ud tsananin zazzaɓin da yake ji. Hausawa ma sun ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Wanda ya danne abin da ke cinsa don a ce masa jarumi, sau da yawa jikinsa ne ke biyan bashin.

Saboda haka magana a nan a kan gwargwado take, da lokaci, da kuma wanda ya kamata a ɗora wa kowane kaya.

Darasin Annabi Yaƙuba (AS)

A cikin Suratu Yusuf, daga aya ta 84 zuwa ta 87, Allah ya ba da labarin uban da baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai shi har idanunsa suka yi fari. Ƴaƴansa suka gaji, suka nuna masa cewa yawan ambaton Yusufu zai kai shi ga rauni ko halaka. Amsar da ya ba su tana da fuska biyu. Da farko ya sanar da su cewa asalin damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah yake kai su. Sannan, a ayar da ke biye, ya ba su aikin da ke cikin ikonsu: su tafi su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Ka duba wannan rabon da kyau, ya kai ɗan'uwa. Annabi Yaƙuba bai ɓoye baƙin cikinsa ba, kowa a gidan ya san shi. Amma zurfin abin, wanda babu zuciyar ɗan Adam da za ta iya riƙe shi, ya kai shi inda ake iya riƙewa. Abin da ƙafa da hannu za su iya yi kuwa, ya miƙa wa mutane. Yawancin abotar da ke lalacewa a wannan babi, rabon nan ne ya rikice a cikinta. Mai rauni yana nema a wajen abokinsa natsuwar da Allah kaɗai ke saukarwa, abokin kuma yana jin cewa in bai samar da ita ba ya ci amana. Ma'abota tarbiyya sun daɗe suna gargaɗin muridi game da rataya zuciya ga halitta. Wannan gargaɗin ya hau kan mai sauraro kamar yadda ya hau kan mai kuka, domin wanda ya ɗauka warakar ɗan'uwansa a hannunsa take, akwai ɓoyayyen ganin kai a cikin tausayinsa.

Iyaka tana da asali a shari'a

Wasu suna zaton cewa faɗa wa ɗan'uwa "ba yanzu ba" baƙuwar ɗabi'a ce. Suratun Nur ta ishe su amsa. Aya ta 27 ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Aya ta 28 ta umarci wanda aka ce masa ya koma da ya koma, ta kuma bayyana cewa hakan ya fi masa tsarki. Aya ta 58 ta keɓe lokuta uku, gabanin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini a cikinsu. Abu Musal Ash'ari ya nemi izini sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, bai ji amsa ba ya juya, kuma da aka tambaye shi ya kafa hujja da koyarwar Annabi (SAW), Abu Sa'idul Khudri ya yi masa shaida. Idan ɗakin ƙasa da jinka yana da wannan alfarma, zuciyar mumini da barcinsa da lokacin ganawarsa da Ubangijinsa ba su kasa ta ba.

Haka nan ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, waɗanda Annabi (SAW) ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsu. Salmanu ya tarar ɗan'uwansa ya ba ibada dukkan lokacinsa, sai ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, a ba kowa nasa. Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Tun da nafila ma ba a yarda ta cinye sauran haƙƙoƙi ba, haƙƙin aboki ɗaya ba zai cinye haƙƙin iyayen da suka sayar da hatsi suka biya kuɗin karatu ba, balle haƙƙin sallar asuba.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, daidai da 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din a kan haƙƙoƙin ƴan'uwantaka, ya ƙirga guda takwas. Akwai taimako da dukiya, da taimako da jiki, da kame harshe daga aibin ɗan'uwa, da faɗa masa abin da yake so, da yafe kuskurensa, da yi masa addu'a, da cika alkawari. Na takwas, wanda ya rufe da shi, shi ne sauƙaƙawa da barin ɗora wa ɗan'uwa abin da zai yi masa nauyi. Mutane sun haddace bakwai ɗin farko domin su ake nema a wajen wani. Na takwas shi ne wanda mutum ke nema a wajen kansa, kuma shi ke sa sauran su ɗore.

Abin da likitoci suka lura da shi

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa yawan sauraron bayanin tashin hankali dalla-dalla yana iya barin tabo ga mai sauraron. Wani masani ɗan Amurka, Charles Figley, ya fitar da littafi a 1995 a kan abin da ya kira gajiyar tausayi, wadda ke kama ma'aikatan jinya da masu agaji. Daga alamunta akwai rashin barci, da saurin fushi, da mutuwar jiki, da gudun wanda ake taimakawa. Saurayin da ke cikin misalin nan bai rasa imani ba. Jiki magayi, shi ne ya gaya masa kayan sun fi ƙarfinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2011 game da taimakon farko ga wanda masifa ta afka wa. Ta gina shi a kan abubuwa uku: a duba halin da mutum yake ciki, a saurare shi, sannan a haɗa shi da inda zai sami taimako. Ta kuma yi gargaɗi kada a matsa wa mutum ya zayyana abin da ya same shi. Maimaita labarin kowane dare, ba tare da wanda ya san yadda ake jan ragamarsa ba, yakan zama kamar sosa gyambo: akwai ɗan sauƙi a lokacin, amma bakin ciwon bai rufe ba.

A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su riƙa zama a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa. Aikin ya yi amfani har aka kwaikwaye shi a wasu ƙasashe. Abin lura shi ne, waɗannan iyaye ba sa saurare dare da rana. Zama ne mai ƙayyadadden lokaci, kimanin sau shida, ana bin matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda abinsa ya yi tsanani a tura shi gaba. Iyakar tana cikin abin da ya sa taimakon ya yi aiki.

Wannan tsari yana da misali mafi girma a tarihin Musulunci. Lokacin da Annabi (SAW) ya dawo daga kogon Hira bayan saukar wahayin farko zuciyarsa tana bugawa, Nana Khadija ta lulluɓe shi har ya natsu, ta saurare shi, ta tuna masa kyawawan halayensa. Bayan haka ta tafi da shi wajen Waraƙa ɗan Naufal, wanda yake da sanin littattafan da suka gabata. Ta ba da abin da ke wajenta cikakke, sannan ta raka shi wajen mai ilmin abin.

Ladubban mai sauraro

Na farko, ya gyara niyya. Iyakar da aka sa don zumunci ya ɗore daban take da wadda aka sa don a rabu da mutum. Allah ya san bambancin, kuma mai rauni ma yakan ji shi a murya.

Na biyu, ya faɗa da baki, kada ya bari zille-zille ya faɗa a madadinsa. Ya zaɓi lokacin natsuwa, da rana, ba a tsakiyar kuka ba. Yana iya cewa: "Ɗan'uwa, wallahi abin da ya same ka ya same ni. Amma zancen nan da dare yana hana ni barci, har asuba tana kuɓuce mini. Ina so in daɗe tare da kai a cikin wannan, shi ya sa nake gaya maka." Ya ambaci halin kansa, kada ya ce "ka cika maimaitawa" ko "ya isa haka, ka yi haƙuri mana". Kalmar haƙuri idan aka jefa ta don a rufe bakin mutum takan zama dutse.

Na uku, duk ƙofar da ya rufe ya buɗe wata. In ya ce ba da dare ba, ya ce bayan la'asar. In ya ce ba kullum ba, ya sa rana, kuma ya cika. Abdullahi ɗan Mas'ud yana yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kaɗai, da aka roƙe shi ya mai da shi kullum ya ƙi, don gudun ƙosar da su, yana koyi da Annabi (SAW). Kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa da zai yanke.

Na huɗu, yana da damar neman a rage zayyanawa. Ya halatta ya ce: "Gaya mini yadda ka kwana da yadda kake ji yau, amma bayanin abin da idonka ya gani, zuciyata ba ta iya ɗauka kuma."

Na biyar, kada ya bari abotar ta koma zancen ciwo kaɗai. Su ci gaba da shan shayi a fada, da bitar karatu, da tafiya zikirin Juma'a tare. Mai rauni yana bukatar wanda zai tuna masa cewa shi mutum ne mai sauran rayuwa.

Na shida, ya faɗaɗa da'irar, da izinin mai maganar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai muƙaddami, akwai dattijo a dangi, akwai asibitin unguwa da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a manyan asibitoci. Zuwa wajen likita bai saɓa wa tawakkali ba, kuma ba ya nufin mutum ya haukace. Mafi kyau ya ce "tashi mu je tare".

Na bakwai, ya riƙe amana. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa maganar da mutum ya faɗa yana waiwaye amana ce. Gajiya ba ta halatta tura saƙon muryar ɗan'uwa ga wani, ko mai da sirrinsa abin hira. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In yana bukatar shawara, ya nema ba tare da bayyana mai abin ba.

Ladubban mai kuka

Shi ma akwai abin da ke kansa, gwargwadon ikonsa. Ya nemi izini kafin ya sauke kaya: "Kana da sarari in gaya maka wani abu mai nauyi?" In aka ce masa ba yanzu ba, ya tuna aya ta 28 ta Suratun Nur, ya kyautata zato. Ya riƙa tambayar abokinsa nasa halin, domin mai sauraro ma yana da abin da ke damunsa. Ya kiyaye harshensa game da mutanen da ke cikin labarin. Imamun Nawawi ya ambata a cikin Riyadus Salihin cewa wanda aka zalunta yana da damar ambaton wanda ya zalunce shi a gaban mai ikon ƙwato masa haƙƙi, haka nan mai neman fatawa. Wannan rangwame yana da wurinsa, bai zama lasisin yaɗa sunaye a kowane zama ba.

Sannan ya ware wa Ubangijinsa kaso mafi girma na kukan. Ƙofar da ba a cewa "koma" a bakinta guda ɗaya ce, kuma a sulusin dare na ƙarshe, lokacin da bai kamata a tashi aboki ba, a lokacin ta fi buɗewa. Istigfari da salati da hailalar da yake ja safe da yamma ba a ɗora masa su don cika lissafi ba. Wurin sauke kaya ne da aka tanadar masa sau biyu a yini.

Inda ba a jinkiri

Duk abin da ya gabata yana aiki ne a halin da rai ba ya cikin haɗari. Idan ɗan'uwa ya fara maganar kashe kansa, ko yana bankwana, ko ya daina ci da sha, ko ana ci gaba da cutar da shi a inda yake, to babu "sai gobe". A zauna da shi, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da babba a danginsa, a kai shi asibiti a ranar. Ko ya sa an yi masa alkawarin rufe sirri, kiyaye rai yana gaba da wannan alkawari. Fushinsa na kwana biyu ya fi sauƙi a kan zaman makokinsa.

Rufewa

A koma ga samarin nan biyu. Da mai sauraron zai zaunar da ɗan'uwansa ya gaya masa gaskiya, mai yiwuwa ne ran ɗan'uwan ya ɓaci a ranar. Mai yiwuwa ya yi shiru na kwanaki. Amma zai san inda yake tsaye: yana da aboki bayan la'asar, yana da mai raka shi wajen muƙaddami da wajen likita, kuma in dare ya yi tsanani ƙwarai akwai wanda zai tashi. Wannan ya fi masa alheri a kan abokin da ya ce masa "kowane lokaci" sannan ya daina ɗaukar waya.

Allah ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, ya mayar da waɗanda aka raba da iyalansu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya sanya mu cikin masu son juna dominsa, masu sauƙaƙa wa juna, ya haɗa mu a inuwar Al'arshinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.